Haddar Sau da 'Yata ta Fari

Shekarar da 'yata ta fari ta shiga aji uku na firamare, ni na jagoranci iyayen unguwarmu a Takur muka tilasta wa makaranta ta sauya yadda take koyar da lissafi. Na yi nasara, har aka riƙa yi mini sannu da ƙoƙari a ƙofar masallaci. Shekara bakwai ke nan, kuma ban taɓa yin abin da yake ci mini rai kamar wannan nasarar ba, domin a kan yarinyar nan ta ƙare.

Tana da i'ina. Tun da ta fara magana kalma take maƙale mata, ta yi ta kokawa da ita, ido a rufe, wuya a miƙe, kafin ta fito. Idan a taro ake rera abu, kamar karatun Islamiyya da ake bi baki ɗaya, ba za ka gane komai ba, muryarta tana bin ta sauran yara lafiya lau. Amma a tsayar da ita ita kaɗai a zuba mata ido, shi ke nan baki ya kulle. Saboda haka ta tashi mai ƙarancin magana, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin natsuwa, har ina jin daɗi.

Akwai kuma abin da ya kamata in faɗa game da kaina. Asalinmu mutanen ruga ne daga wajen Taura, kuma a gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka shigar masa faɗa ko da kana gani. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayanmu ba, "kai" kawai yake ce masa. A can abin bai cutar da kowa ba, don akwai kaka, akwai goggo, akwai baffanni, ɗan fari ma shi ne ɗan gatan gida, kowa rige-rigen ɗaukarsa yake yi. Ni sai na ɗauko al'adar na kawo ta gidan haya mai ɗaki biyu a Dutse, na bar kakannin da goggonnin a Taura. Matata 'yar Jahun ce, ita tun a watannin farko ta ajiye tata kunyar, ta ce ba ta ga wanda zai yi wa jaririya wanka ba in ba ita ba. Ni na riƙe tawa gam, ina ganin ita ce martabata.

A farkon zangon karatun nan aka kawo sabuwar malamar lissafi makarantar da ke bayan layinmu, matashiya ce, ba ta daɗe da gama karatun malanta ba. Sati bai zagayo ba sai ga yarinya ta dawo gida da gwangwanin madara cike da ƙwallon dabino, wai Malama ta ce kowa ya tara. A Dutse kuwa wannan ba abin wahala ba ne, ko a gindin masu tallan dabino a faranti na bakin titi ka tsuguna ka cika aljihu. Da yamma sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zazzage gwangwanin, ta yi ta jera ƙwallayen layi-layi, ta rubuta wani abu a littafi, ta rushe, ta sake jerawa. Sai uwarta ta kira ta sau biyu kafin ta tashi ta yi shara.

Wata rana ina alwala a bakin makwarara, ban ko dube ta ba, na jefa tambaya kamar da bango nake magana: "Ke, shida sau huɗu nawa ne?" Na ƙirga a zuciyata, ɗaya, biyu, uku, shiru. Da na waiga sai na ga ta jera layi huɗu, kowanne da ƙwallo shida, ta rubuta ashirin da huɗu a takarda ta ɗaga mini tana murmushi. Amsar daidai ce. Amma raina ya ɓaci, na ce a zuci, to a ɗakin jarrabawa ma sai an shimfiɗa mata tabarma ke nan?

Mu ba haka aka koya mana ba. A firamarenmu ta ƙauye, jadawalin sau ɗin nan da ke bayan littafin rubutu rera shi muke yi, da Turancin da ba mu san ma'anarsa ba, tu tayims wan tu, tu tayims tu fo, tun daga gidan biyu har gidan sha biyu, har masu noma a gonakin gefen makaranta sun haddace shi tare da mu. Malaminmu yana zagayawa da tsumagiya, ya nuna ka ya jefa tambaya, in ka yi jinkiri ka ji ta a gadon baya. Ni ban cika shan duka ba, domin kafin ya rufe baki na ba shi amsa. Da wannan na yi suna a ajinmu, da shi na ci jarrabawar shiga sakandare, kuma a ganina shi ya kawo ni kujerar da nake kai a sakatariya. Saboda haka duk wanda ya taɓa hadda, ji nake kamar ni ya taɓa.

Abin da ya ƙarasa tunzura ni kuwa wata safiya ce da na manta wata takarda a gida, na dawo ɗauka wajen ƙarfe goma, na bi ta bayan makarantar. Mu a wajenmu da kunne ake gane karatu. In ka wuce Islamiyya ka ji gini yana amsawa, ka san ana aiki. In ka ji shiru, to malam bai zo ba. Na iso daidai tagar aji uku na ji tsit. Na kafe babur na leƙa. Aji cike da yara, kowa ya sunkuyar da kai a kan benci yana tura ƙwallon dabino da yatsa, kamar mata masu tsintar shinkafa, Malama tana bi layi-layi tana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Na ce lallai, ashe dara ake koya wa 'ya'yanmu mu muna can ofis.

Bayan la'asar na kai maganar majalisarmu ta ƙofar masallaci, ashe kowa yana ciki da ita. Wani Alhaji maƙwabcina, mai shagon kayan gini, dattijon da ake jin maganarsa a unguwa, ya ce shi ma ya gwada autansa da bakwai sau takwas, yaro ya ruga ɗaki neman gwangwani. Aka yi dariya. Wani ya ce nasa ya cinye dabinon gida kaf, da aka tambaye shi ya ce aikin makaranta ne. Daga dariya aka koma faɗa, daga faɗa aka ce a rubuta takarda. Da yake ni ne ma'aikacin ofis, kuma ni na fi kowa ɗaga murya, aka ce ni zan rubuta. Na cika shafi biyu, na zaga gida-gida ana sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa.

Matata ta ga takardar a kan tebur ta karanta. Ta bari sai da yara suka tafi Islamiyya sannan ta same ni.

"Malam, ka taɓa zama ka kalli yarinyar nan in tana lissafin nan?"

Na ce na gani, wasa take yi.

"Ba wasa ba ne. Shekaranjiya ina tankaɗe ta ɗauki faranti ta jera layi huɗu na shida-shida, ta juya farantin ta ce, Umma duba, ya koma layi shida na huɗu-huɗu, ashe abu ɗaya ne. Ta faɗi wannan duka ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Ni na yi firamare na yi sakandare, wallahi ban san dalili ba sai a bakinta. Kuma tun da aka sa ta a makaranta ban taɓa ganin tana ɗokin gari ya waye ba sai bana."

Na ce ai ba a kan yarinya ɗaya ake tsara karatun aji ba.

"To ita ɗayar ai taka ce," in ji ta.

Na ce kada ta sake kawo mini wannan maganar. Na ɗauki hulata na fita.

Hedimasta ya kira taron iyaye ranar wata Asabar da safe. Aka zuba mu a aji shida, maza a gaba, mata a baya, manya-manyan mutane a kan bencin yara gwiwa tana neman taɓa haɓa. Hedimastan mutum ne mai gudun rigima, in iyaye suka ɗaga murya gumi yake yi. Ya karanta takardata da ƙarfi, ya ce to ga Malama nan, a saurare ta.

Ta tashi riƙe da farantin ƙwallon dabino. Ta gaishe mu da ladabi. Ta ce ita ba ta ƙi hadda ba, haddar tana nan tafe, amma so take yaro ya fara ganin abin da idonsa, ya taɓa shi da hannunsa, don in ya manta ya san hanyar da zai bi ya nemo. Sannan ta ce, "Iyayena, bakwai sau takwas nawa ne?" Muka amsa baki ɗaya, hamsin da shida, ni na riga kowa. Ta ce, "To da a ce mutum ya manta, yaya zai yi ya gano?" Tambaya ce mai kyau, amma ni a lokacin ji na yi yarinya ƙarama ta tsayar da mu tana yi mana jarrabawa a gaban matanmu.

Ba kowa ne yake bayana ba. Wani tela ya tashi ya ce shi da bulala ya haddace jadawalin nan, ya fita firamare ya zube masa a wata guda. Lissafin da yake yanka yadi da shi yau, a kan teburin ubangidansa ya koye shi, da magwaji da alli, kuma abin da Malama take yi ya fi kama da wannan. Wata mata daga baya, ma'aikaciyar asibiti, ta ce ita ba ta ƙi ba, amma jarrabawar shiga sakandare da agogo ake yin ta, kuma ba a shiga da gwangwani. Yaran wasu makarantu suna haddacewa, kada namu su je su zauna suna zane-zane lokaci ya ƙare. Ita ma gaskiya ta faɗa. Yau in na tuna, da an bar maganar a hannun telan nan da matar nan, da kafin azahar an samu matsaya, a yi wannan a yi wancan.

Sai na tashi. Allah ya ba ni baki, kuma ranar na yi amfani da shi. Na ce da hadda iyayenmu suka riƙe karatun addini, da ita mu ma muka zama abin da muka zama. Na ce ajin da ba a jin muryarsa daga titi ba aji ba ne. Na kawo shawara: kowace safiya a rera jadawali, sannan duk ranar Juma'a kowane yaro ya tashi shi kaɗai ya kawo gidan da aka ba shi da ka, kamar yadda ake biya hadda a gaban malam. Wanda ya kasa ya durƙusa a baranda har a fita hutun tara. Gwangwani kuma a bar shi a gida. Maza suka ɗauki hayaniya, haka ne, haka ne, wannan ita ce magana.

Malama ta bari hayaniyar ta lafa, sannan ta dube ni. Ta sassauta murya, amma da yake ajin ya yi tsit, kowa ya ji.

"Yallaɓai, akwai yaran da suka san amsa, baki ne ba ya ba su haɗin kai. Kai ma ka san wadda nake nufi. Ka yarje mini ita ta riƙa rubutawa a allo?"

Na ji jini ya hau mini ka. A gaban dattawan unguwa, a gaban Alhaji, an ce in buɗe baki in nema wa 'yar fari alfarma. A tarbiyyar da na tashi da ita, gara a tuɓe mini hula a tsakiyar kasuwa. Da ƙanenta ne, wallahi da na ce a yi masa, ba wanda zai ga laifina. Ina jin idon matata a ƙeyata daga layin baya. Duk da haka na ce:

"Malama, ni ban san wata ba. Doka ɗaya ce ga kowa."

Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ji ɗan halak, wanda ya san kara." Na ji daɗin yabon nan, ba zan ɓoye ba. Aka ɗaga hannu, muka rinjaye su, Hedimasta ya share gumi ya ce daga Litinin.

Daga Litinin kuwa aji uku ya fara amsawa. In na wuce da safe a kan babur ina jin rerawarsu tun daga kwana, in ji kamar ni na gina ajin. A gida ma yarinyar tana wanke-wanke tana rerawa tare da ƙanenta, babu tangarɗa, daga gidan biyu har na sha biyu. Na ce wa uwarta, "Kin gani ko?" Ta ci gaba da aikinta. Abin da ban so in lura da shi ba shi ne ciwon cikin da yake kama yarinyar duk safiyar Juma'a. Uwar ta kai ta asibiti sau biyu, aka duba aka ce ba komai. Na ce lalaci ne, ta sa takalmi ta tafi. Duk Juma'a wandon makarantarta yana dawowa da ƙasa a gwiwa, uwar ta wanke ta shanya a igiyar da ke daidai ƙofar ɗakina, inda sai na sunkuya kafin in wuce.

Sau ɗaya matata ta sake gwada ni. Ta ce in je in ga Malama ni kaɗai, ba a gaban kowa ba, in ce a bar yarinya ta rubuta. Ta ce yara sun fara kwaikwayonta a hanyar dawowa gida. Na ce bayan na faɗi magana a gaban jama'a, sai in zagaya ta baya in warware ta? Me za a ce da ni a majalisa? Na ce ai da haka ake sabawa, in ta sha durƙuso sau uku bakin zai buɗe. Har yanzu ina jin muryata tana faɗin wannan, kuma ina ƙyamarta.

Wajen ƙarshen zango Hedimasta ya gayyaci mu huɗu da muka fi tsayawa a kan maganar, mu zo ranar Juma'a mu ga ci gaba da idonmu. Na nemi izini a ofis, na sa babbar riga. Aka jera mana kujeru a gaban allo muna fuskantar yara. Na san za a zo kan yarinyar, amma na ce wa kaina ai ta iya, da kunnena na ji ta.

Yara suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya wasu sun burge, autan Alhaji ya zubo gidan tara bai ko haɗiyi yawu ba, uban yana gyaɗa kai. Aka zo kanta. Gidan bakwai aka ba ta. Ta miƙe, 'yar ƙarama a cikin farin hijabi, ta fara. Na ɗaya ya fito. Na biyu ya fito da ƙyar. A na uku ta tsaya. Leɓenta yana motsi, wuya ya miƙe, ido ya rufe, sauti ɗaya yana ta maimaita kansa ya ƙi wucewa. Daga bencin baya wani ya kwaikwaye ta ƙasa-ƙasa, aka ƙyalƙyale da dariya, Malama ta buga tebur. Sai na ga yatsun yarinyar suna tafiya a kan benci, tana jera layi babu komai a hannunta, layi uku, bakwai-bakwai. Ta san amsar, ni ma na san ta sani.

Ta buɗe ido ta dube ni. Ba ta taɓa dubana ido cikin ido a gaban mutane ba, don ita ma ta san dokar gidanmu. Ba kuka take yi ba, kallo ne kawai na mai jira a ce wani abu. Kalma ɗaya ta isa, zauna, ko rubuta. Alhaji ya karkato ya raɗa mini, "Taka ce ko? Haba, ka ce a bar ta mana." Na girgiza kai, na sunkuya ina kallon takalmina. Hedimasta ya jira, ya sake jira, ya dube ni ya ga ban ɗago ba, ya ce ta fita. Ta bi ta gabana, gefen hijabinta ya taɓa gwiwata, ta je ta durƙusa a baranda, inda nake hango ta ta ƙofa. Na zauna har aka gama da sauran yaran, ban ji abin da ko ɗaya ya faɗa ba.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa kunya ce ta hana ni. A ranar taro, wataƙila. Amma ranar Juma'ar nan dattijon da nake jin kunyar idonsa shi da kansa ya buɗe mini hanya, na ƙi bi. Abin da ya rage girman kai ne tsagwaronsa, na mutumin da ya zaga gida-gida ana sa masa hannu, ba ya so a ce a kan 'yarsa dokarsa ta fara karyewa.

Kafin in dawo daga masallacin Juma'a labari ya riga ni gida, yaran maƙwabta sun kai. Matata ta ajiye mini kwano ta tsaya a kaina.

"Malam, Baffanku da kake koyi da shi, Allah ya ji ƙansa, ya taɓa zama a kujera yana kallo aka durƙusar da yayanku?"

Na rufe kwanon yadda ta kawo shi.

Duk da haka sai da na yi sati biyu ina juya abin kafin na je wajen Hedimasta, bayan an tashi, ina waige-waige kamar marar gaskiya. Ya ce ai ba matsala, daga zango mai zuwa za a bar ta ta rubuta. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Na tambayi Malama, ya ce ta ba da takardar ajiye aiki, ta samu wata makaranta a Jahun, ana yin hutu za ta tafi. Na same ta a aji tana goge allo. Na fara kame-kame, ta tari numfashina.

"Yallaɓai, ba ni za ka ba haƙuri ba. Sau uku ina barin ta ta rubuta a allo, wasu iyaye suka kawo ƙara wai ina son kai, aka tuna mini abin da ka faɗa da bakinka. Ni dai tun da na fara riƙe alli ban ga yaron da yake ganin lissafi kamar yarinyar nan ba."

Zango na gaba aka bar yarinyar tana rubutawa. Takan tashi ta rubuta amsar daidai, ta ajiye alli, ta koma ta zauna. Ciwon cikin Juma'a ya tafi a hankali. Amma ba ta sake shimfiɗa tabarma da yamma ba, ba ta sake kiran uwarta ta zo ta ga wani abu ba. Na taɓa sayo mata littafin lissafi mai hotuna na ba ƙanenta ya kai mata, na same shi bayan wata biyu a kan taga, rana ta cinye bangon. Makinta bai faɗi ba. Ta ci jarrabawar shiga sakandare, ita da autan Alhaji da ɗan tela duka, saboda haka har yau in aka tayar da gardamar hadda a majalisa kowa yana da shaidarsa. Ni ban san wanda ya fi gaskiya ba. In aka fara, tashi nake in ce ana nemana a gida.

Bana ta gama ƙaramar sakandare. Aka raba musu takardar zaɓi, ajin kimiyya ko na adabi, kuma uba ne zai sa hannu. Malamin lissafinsu ya kira ni a waya. Ya ce a rubuce babu kamarta a ajin, amma shekara uku bai taɓa ganin ta ɗaga hannu ba, kuma ga shi ta zaɓi adabi. Ya ce asara ce, in yi mata magana, wataƙila ni za ta ji tawa.

Ta kawo mini takardar ranar Asabar da hantsi, ina zaune a tsakar gida. Ta miƙo mini da biro. Na ce ta samu wuri ta zauna, ta zauna a ɗarare a bakin turmi. Na ce mata abin da ya faru a aji uku ni na yi shi, ba Malama ba, ba Hedimasta ba, kuma kuskure ne, ina neman ta yafe mini. Na ce ta iya lissafi, malaminta ya faɗa, kowa ya faɗa, kada ta bar shi saboda ni. Ban damu ba ko uwarta tana ji daga kicin.

Ta buɗe baki, kalmar farko ta maƙale. Na jira. Ta ɗauki lokaci kafin ta fito.

"Baffa, na yafe tun tuni. Na san na iya. Amma in na ga lambobi gabana ne yake faɗuwa. Ba na so."

Na ce ko za ta ƙara tunani zuwa Litinin. Ta girgiza kai, ta matso ta nuna mini layin da yatsa. Na sa hannu a ƙarƙashin adabi. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce ta gode, kamar yadda ake gode mini a ofis, ta shiga ɗaki.